Da Damina Ake Sayen Gida

Shekara ashirin da shida na yi ina haya a gidan nan, kuma babu tsagar da ke jikin bangonsa da ban san ranar da ta fito ba. Ɗaki biyu ne da kicin da banɗaki, sai shago a gaba inda na kafa injin markaɗena, sai bishiyar gwaiba a tsakar gida wadda mijina ya dasa shekarar da muka shigo. A nan 'yata ta koyi tafiya, daga nan kuma aka fita da gawar ubanta. Kaf layin babu mai kirana da wani suna sai Mai Inji.

Tsohon da ke da gidan mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Yana zaune a kan bencin shagona, yana jiran a niƙa masa masara, ya ce da ni, "Mai Inji, duk ranar da za a sayar da gidan nan, ke za a fara yi wa magana." Ban ce ya rubuta ba. Rubutu ya yi min me, ni da sai an kama yatsana an dangwala? Mai furfura ya yi magana, na ɗauka ta zauna. Tun daga ranar na ɗaure cikina. Zane sai ya yage nake sakewa, haƙorina na ƙasa ya yi shekara uku yana min ciwo ban kai an cire ba, 'yar gonar da na gada wurin ubana ma na sayar na haɗa.

Da tsoho ya rasu ya bar 'ya'ya bakwai, kowanne baki a buɗe kamar 'ya'yan tsuntsu. Ko wata biyu ba a yi ba suka damƙa gidan a hannun dillali.

Mai Makullai ake ce masa, saboda wani zoben waya da ke rataye a ƙugunsa, cike da makullan gidajen mutane. Tun daga kan kwana kake jin tahowarsa, kacau-kacau, kamar akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa. Ga turare, ga takalmi mai ƙyalli, ga baki kamar an shafa masa zuma.

"Hajiya, barka da aiki."

"Ni ko jirgi ban taɓa shiga ba. Faɗi abin da ya kawo ka, mutane na jira."

Ya faɗi kuɗin da magada suka yanke. Na shiga ɗaki na duba abin da na tara. Ya kai, har da ɗan saura da zan sake kwanon kicin. Wallahi da ni kaɗai ce, da a makon nan an gama. To amma sayen gida takarda ce, ni kuwa takarda a wurina baƙi ne kawai a kan fari. Shi ya sa na aika wa 'yata ta zo min da mijinta ya karanta.

Surukin nawa akawu ne a wani ofis. Yana da tabarau, yana da waya mai faɗin faranti, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ladabi kam a ba shi. Ya duba takardar sama-sama ya ajiye.

"Inna, ba yanzu ake saye ba."

"Yaushe ake saye?"

Ya miƙo min wayar. Wani jan zare na gani yana hawa yana sauka kamar sawun tana. "Kin gani? Farashin gidaje ya kai ƙarshen hawansa. Daga kan titi zuwa nan na ƙirga gida goma sha ɗaya an rubuta musu na sayarwa ne. Kaya ya yi yawa, masu saye babu. Ki bari ruwa ya sauka, magadan nan da ƙafarsu za su zo suna roƙonki, su rage miki kashi ɗaya cikin huɗu."

Kafin in buɗe baki Mai Makullai ya tafa hannu. "Kai, Hajiya, kin yi dacen suruki! Ilimi ke nan. Wa zai sayi gida a ƙasan gangaren nan in ba ke ba? Gidanki ne. Ki kwantar da hankalinki, ni zan riƙe miki shi kamar ƙwai."

Jikina ya ba ni. A ina aka taɓa ganin dillali ya ce wa mai kuɗi a hannu kar ya saya? Na ce ko ɗan kafin alƙalami ne in ajiye. Ya ce haba, tsakaninmu? Surukin ma ya ce in na ajiye sun ga na matsu, ba za su rage ba. Na ɗauki numfashi zan faɗi abin da ke raina, sai 'yata ta matso ta mintsine ni a gwiwar hannu.

"Inna, don Allah, kar ki gwale shi a gaban baƙo."

Na haɗiye. Ni da ba na raga wa kowa a layin nan, nauyin suruki ya ɗaure min baki, da hannuna na ba kura ajiyar nama.

Akwai wani abu a gidan nan da ba kowa ya sani ba. A ƙasan gangare yake, ruwan gida huɗu na sama duk ta ƙarƙashin katangar baya yake shigowa, ko ka so ko ka ƙi, ya taru a tsakar gida. Hanyar fitarsa ɗaya ce. Daminarmu ta farko, bayan ruwa ya tafi da tukwanena, mijina ya haƙa rami a kusurwar bayan kicin, faɗinsa kamar bakin tukunya, ya binne bututu daga nan ya bi ta ƙarƙashin shago ya ɓulle a kwatar titi. Ya lanƙwasa kan wani dogon rodi, duk shekara kafin ruwan farko ya zura ya zaƙulo leda da ganye da taɓo. Da ya rasu ni na gaji rodin. Shekara ɗaya kaɗai na fasa, shekarar da na kwanta jinya, ruwa kuwa ya bar shaidarsa a jikin bango, wani baƙin layi daidai gwiwa.

Kwana goma da maganarmu sai ga Mai Makullai da masu fenti da magini. Wai magada suna so a ɗan kimtsa gidan. Suka shafe baƙin layin nan da fenti ruwan ƙwai. Magini ya fara zuba siminti a tsakar gida, na leƙo daga shago na ga ya nufi kusurwa.

"Kai, ramin nan ba a toshe shi."

"Iya, ni abin da aka biya ni nake yi."

Na samu Mai Makullai yana tsaye a inuwar gwaibata yana cin 'ya'yanta ba tambaya. Na yi masa bayani tun daga gangare har kwata. Ya tofar da ƙwallo ya ce ramin yana ɓata hoto.

"Hoton me?"

"Na magada ne, Hajiya, su gani su san ana aiki."

Mata shida na jirana da robobinsu a shago. Na ce a raina, ku toshe, gidana ne, ranar da na biya in fasa abina. Ya yi ta ɗaukar hoto da wayarsa, har yana cewa in janye igiyar shanyata.

Akwai wani ƙaton gini a saman titi da aka yi shekara uku ana yi, an zagaye shi da kwano, mu duk mun ɗauka rumbun ajiyar kaya ne. Ana tsakiyar rani aka cire kwanon, sai ga asibiti. Ma'aikata suka cika unguwa suna neman gida kusa da aiki. Gidajen nan goma sha ɗaya da suruki ya ƙirga, cikin wata biyu babu ko ɗaya. Daga baya na ji ashe Mai Makullai ne ya yi dillancin filin da asibitin ya ƙara don ajiye motoci. Ya san abin da ke bayan kwanon tun ranar da yake kirana Hajiya.

Ni ina nan ina jiran ruwa ya sauka. Sai aka kawo takarda. Mai kemis na kusa da ni ya karanta min, ya sake karantawa, sannan ya cire tabarau ya ce, "Mai Inji, an sayar. Wata biyu aka ba ki."

Na kira babban magajin, sau tara, bai ɗauka ba. Na kira suruki. Ya ce, "Inna, sha'anin kasuwa ne, akwai abubuwan da lissafi ba ya hangowa."

Washegari na rufe shago na tafi ofishin ƙungiyar dillalai. Ɗaki ne a saman shagon masu facin taya, fanka na juyawa kamar ba ta so, maza shida a zaune suna shan shayi da hantsi. Shugabansu na bayan tebur, tumbi ya hana shi matsowa. Mai Makullai na gefe yana goge takalmi. Babu wanda ya ce in zauna.

"Iya, me ke tafe da ke?"

"Ƙara na kawo. Ɗanku ya ce in jira, ya zagaya ya sayar."

"Kin ba da kafin alƙalami?"

"Na miƙa, shi ya ce haba tsakaninmu."

"Akwai takarda?"

"Akwai maganar mai gida."

"Ina mai gidan?"

"Yana kabari."

"To Iya, sai ki je can ki karɓo mana sa hannunsa."

Suka kwashe da dariya, har ɗaya ya ƙware da shayi. Mai Makullai ya ɗago kai. "Hajiya, ni na ba ki shawara? Surukinki ne ya kawo lissafi, ni kuma na ce ilimi ne. Laifi ne a yaba wa mai ilimi?"

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ƙarti shida, babu wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo, tafin hannunsu kamar na jariri. Wani ya gina, wani ya tara, su kuma su maƙale a tsakiya kamar kaska. Na gaya musu haka, da kalmar kaskar da komai. Sannan na ce, "Abu ɗaya. Akwai ramin ruwa da ɗanku ya toshe a gidan. Ku gaya wa wanda ya saya kafin damina. Na faɗa a gabanku ku shida."

Shugaba ya ce, "Iya ta koma ban tsoro. A sauka lafiya, matakalar tana da santsi."

Na koma gidan 'yata da zama. Injina, wanda bai taɓa hutun kwana uku a jere ba, aka lulluɓe shi da tamfol a bayan ɗaki, kaji na hawa. Kayana da yawa na rabar, amma rodin na taho da shi na tura ƙarƙashin gado. Na bi wasu dillalan na duba gidaje. Wani ɗakin in ka miƙe ƙafa sai ta leƙa waje, wani banɗakinsa a bakin kicin, wani an shafe shi da fenti har kan makunnin wuta, ka san akwai abin da ake ɓoyewa. Kowanne kuma kuɗinsa ya haura abin da ke hannuna. Duk wanda na dawo na faɗa, suruki sai ya gyara tabarau.

"Hawan nan ba mai ɗorewa ba ne, Inna. A ƙara haƙuri."

Ina cin tuwon gidansa, ina kwana a ɗakin 'ya'yansa. Na ci gaba da haɗiya.

Wata Asabar da la'asar hadari ya haɗo, iska ta ɗaga tamfol ɗin inji. Ɗigon farko na sauka a kan kwano na durƙusa na jawo rodi. Suruki na falo, ya ga na ɗaure zane na ɗauki mayafi. Ya san zancen ramin, don na faɗa a gidan ya fi sau goma.

"Inna, tsaya!" Har idonsa na ƙyalli. "Ai wannan ce damarmu. Ki bar shi. Ruwa biyu, uku, gidan ya jiƙe sosai, wadda ta saya za ta nemi mai karɓa ko nawa ne. Yanzu ne ainihin lokacin jira."

Na ajiye gindin rodin a ƙasa. 'Yata ta fito daga kicin tana girgiza min kai. Ban kalle ta ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye magana saboda kana auren 'yata. Yau ta ƙi haɗiyuwa. Kai ko akurkin kaji ka taɓa saya? Gidan nan da kake ciki na ofis ne, ranar da suka sallame ka tabarau kaɗai za ka fita da shi. Bangon can na ƙasa ne, siminti a fuska kawai. Ruwa uku ya kwanta a gindinsa, ba gida zan saya ba, tudu zan saya. Kuma akwai mutane a ciki. Su ma jan zarenka ya nuna maka su?"

"Inna, ni fa taimako..."

"Taimakonka ne ya kwantar da ni a kan tabarmar jikokina. Matsa."

Na tare mai babur a cikin ruwa. Ya dubi rodin ya ce, "Iya, faɗa za ki?" Na ce ja mu je, in ka yi sauri ka ga ƙarshensa.

Tun daga saman gangare na san abin da zan tarar. Kwatar titi na gudu, amma bakin bututun da ke ƙasan shagona a bushe. Na tura ƙofa. Tsakar gida ta zama tafki, ruwa ja wur, takalma da murfin tukunya na yawo a kai. Wata mata, za ta yi shekara arba'in, ta tattare riga tana kwasa da bokiti tana watsawa ta kan katanga, ruwan kuma yana zagayowa ya dawo mata ta ƙasa. A ƙofar ɗakina, ɗakin da na yi shekara ashirin da shida a ciki, an ɗora wata tsohuwa a kan tebur, ta naɗe ƙafa, tana riƙe da rediyo a ƙirji.

"Wace ce? Lafiya?" in ji mai bokitin.

"Ajiye bokitin nan, wahalar banza kike yi."

Na shiga, ruwan ya kawo min cinya. Ba a ganin ƙasa, amma ba na buƙata. Daga gindin gwaiba taku huɗu, sai ɗaya zuwa hagu. Na ɗaga rodi da hannu biyu na caka. Na sake. Kafaɗata ta ce ba ta yarda ba, na ce ba shawararki na nema ba. Allah ya taimake ni maginin ɓarawo ne, yashi da yawa siminti kaɗan. A bugu na bakwai na ji ya burma. Na juya lanƙwasasshen kan na zaƙulo, sai ga buhunan siminti guda biyu da ya cusa a bakin ramin don kar ya ɓata kwaɓi. Ruwa ya yi wata ƙara kamar maƙogwaron bijimi, ya fara juyawa, ya ja murfin tukunya ya kawo min har ƙafa.

Muka tsaya muna kallo yana sauka. Da ya bar jikin bango, fentin ruwan ƙwan nan ya kumbura ya saɓule kamar fatar ƙuna, sai ga tsohon baƙin layina daidai gwiwa.

Matar ta taɓa shi da yatsa. "Wannan ba na yau ba ne."

"Shekararsa tara."

"Dillalin ya rantse min ruwa bai taɓa shiga gidan nan ba. Yana nan a wayata, da muryarsa." Malamar asibiti ce, a sabon ginin nan take aiki. Hoto aka fara tura mata, ta zo ta duba sau ɗaya da rana tsaka, ƙasa a bushe ƙamas, aka ce mata mutum uku na layi. Ta biya kusan ninkin abin da aka gaya min.

Tsohuwar da ke kan tebur, uwarta ce, ta ce, "Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Gidana ne."

Malamar ta ce a hankali, "Mama, na biya fa."

"Na sani. Ba da ke nake ba. Ɗauko min kujera."

Ranar Litinin muka hau matakalar nan mai santsi mu biyu, ita da farin kayan aikinta da jakar takardu. Ka ga ikon Allah, sai ga kujeru sun fito, har da mai hannu. Ni da aka bari a tsaye ran nan, yau har ana tambayata ko a sa min madara.

Malama ta ɗora waya a kan tebur ta danna. Muryar Mai Makullai ta cika ɗakin, tana rantsuwa da abin da zai kashe ta cewa ko raɓa ba ta kwana a gidan. Ta nuna hoton tafkin, ta nuna baƙin layin. Na zazzage buhunan simintin nan biyu daga leda a kan teburin Shugaba, da taɓonsu.

"A nan na tsaya na ce ku gaya mata. Kai ka ƙware da shayi, kai kuma ka ce matakala na da santsi. Ko in je kabari in karɓo shaida?"

Shugaba ya fara kame-kame, wai a bi abu a hankali, duk ɗaya ake. Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana da lauya, kuma abokan aikinta sama da arba'in har yanzu suna neman gida a unguwar, duk suna jiran ta gaya musu dillalan da za su bi. Na ga tumbin Shugaba ya motsa. Nan take ya miƙa hannu ya ce Mai Makullai ya kwance zoben. Ya kwance, ya ajiye, kacau. Ba tare da su ba ashe ɗan mutum ne siriri. Aka yanke ya mayar wa Malama la'adar da ya ci, ya kuma gyara bango daga aljihunsa.

"Ni fa?" na ce.

"Iya, ke kam sai haƙuri. Babu takarda."

"Haƙurin ku jiƙa ku sha. Ina so ɗanku ya faɗa da bakinsa, a gabanku, cewa ranar da ya ce in jira ya san abin da ake ginawa a saman titi."

Mai Makullai ya yi ƙunƙuni yana kallon takalminsa.

"Kunnena ya sha ƙarar inji, ɗaga murya."

"Na sani, Hajiya."

"Mai Inji."

"Na sani, Mai Inji."

Abin da na samu a ofishin nan ke nan, ko sisi babu a kai. Amma na sauko da shi, kuma duk matar da ta kawo markaɗe sai na auna mata labarin kyauta.

A hanya Malama ta ce ita ba za ta iya barin gidan ba, ga aiki kusa, ga uwa ba ƙafa. Amma shagon ba ya mata amfani, ɗakin gaba ma kaya ta zuba, kuma tun ranar Asabar in ta ga gajimare gabanta ke faɗuwa. In ina so ta yankar min gaba, shago da ɗaki ɗaya, a farashin yau. Ta faɗi kuɗin. Daidai da duk abin da na tara, har da na kwanon kicin.

Ban aika a kira kowa ba. Na ce sai dai a ranar da ake ruwa za a yi cinikin. Aka yi kuwa. Na zagaya da lema na duba kowace kusurwa, na ga inda ke yoyo da inda ba ya yi, ko da yake na riga na sani. Lauyanta ya karanta takarda, na sa mai kemis ya sake karantawa, na sa aka ƙara layi ɗaya: duk shekara kafin ruwan farko, Mai Inji za ta shiga bayan kicin da rodinta, babu mai hana ta. Sannan na dangwala.

Kuɗin da a rani za su saya min gida sukutum, a damina rabi suka saya. Gwaibar mijina ta faɗa ɓangaren Malama. Tsohuwarta na aiko min da 'ya'yan a kwano, ina karɓa in yi godiya, kamar ba ni na yi shekara ashirin da shida ina ba ta ruwan wanke-wanke ba.

Jiya suruki ya zo, karo na farko tun ranar. Ya durƙusa a ƙofar shago ya gaishe ni, na amsa. Ya ga yashin da na sa aka sauke don katangar da za ta raba mu da Malama. Ya gyara tabarau, ya zaro wayar.

"Inna, kafin ki sayi siminti, da kin ɗan dakata. Akwai alamar nan da wata biyu..."

Mata huɗu na zaune a benci da robobinsu. Na zuba waken ta farko, na kama hannun inji na murza. Ya tashi da bugu ɗaya. Ina ganin bakin suruki yana ta motsi, na miƙa hannu na karɓi roba ta biyu.